Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Tsofaffin Littattafan Farautar Turawa da Dajinmu

Duk wanda ya ɗan zauna a garin Minna ya san Dutsen Kura, ya kuma san Unguwar Daji. Daga safe har dare masu Keke da 'yan acaɓa suna ta kiran waɗannan sunaye a bakin titi, fasinjoji na hawa suna sauka, babu mai tsayawa ya tambayi kansa ina kurar ta shiga, ko kuwa wane daji ake nufi a wurin da ba ka ganin komai sai shaguna da kwanon rufi. Bahaushe dai ba ya raɗa wa wuri suna a banza. Idan ya ce dutsen kura, to an taɓa jin kukanta a wurin, an kuma taɓa killace awaki tun kafin magariba saboda ita. Kurar ta tafi, dajin ya bi ta, sai sunayen suka rage kamar kufai.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, wani yanki na wannan daji da ya ɓace yana nan a ajiye, sai dai a wata ƙasa, cikin wani harshe. Yana cikin wasu tsofaffin littattafai masu zane-zane da hotuna, waɗanda Turawan mulkin mallaka da 'yan'uwansu matafiya suka rubuta game da farautar da suka yi a Afirka. A yau littattafan sun yi ƙaranci, sun zama kayan tarihi da attajirai ke rububin saye a kasuwannin gwanjo na Ingila da Amurka. Mu kuwa da aka yi farautar a bayan gidanmu, da yawanmu ko sunayensu ba mu taɓa ji ba. Muna ganin ya kamata ɗalibin adabin Hausa ya san su, ya kuma san yadda zai karanta su, domin akwai kayanmu a ciki.

Yadda Littattafan Suke

Wanda bai taɓa riƙe irin wannan littafi ba, da wuya ya gane abin da ke jan hankalin masu tara su. Bango ne mai kauri na ƙyalle ko na fata, galibi an buga kan ɓauna ko na giwa da ruwan zinariya a kai. A ciki, manyan zane-zanen an rufe kowanne da wata 'yar takarda shara-shara don kada launinsa ya ɓata shafin da ke fuskantar sa. A ƙarshe kuma sai ka tarar da taswira mai ninki, da jan layi mai nuna hanyar da marubucin ya bi.

Waɗanda suka fara yin suna daga kudancin Afirka labarinsu ya fito. William Cornwallis Harris, wani hafsan soja da ke aiki a Indiya, ya je farauta can a 1836 da 1837, sa'an nan ya fitar da Portraits of the Game and Wild Animals of Southern Africa a 1840, mai ɗauke da manyan zane-zane 30. Yadda ake yi a wancan zamani shi ne a zana hoton a kan shafaffen dutse, a buga shi a takarda, daga nan a ba wasu ma'aikata su bi kowane kwafi ɗaya bayan ɗaya suna shafa launi da hannu. Wannan ya sa ba a iya buga su da yawa, kuma da wuya ka sami kwafi biyu da launinsu ya zo daidai tsaf. Bayansa Gordon-Cumming ya fitar da nasa a 1850, Frederick Selous kuma a 1881. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare, na'urar ɗaukar hoto ta soma ture mai zane, aka shiga zamanin hoton maharbi da gawar abin da ya harba.

Littattafai biyu sun isa su nuna mana ruhin wannan adabi. Na farko shi ne African Game Trails na 1910, inda Theodore Roosevelt, tsohon shugaban Amurka, ya jera lissafin manyan dabbobi 512 da shi da ɗansa Kermit suka harbe a tafiya ɗaya a gabashin Afirka. Na biyu shi ne kundin Rowland Ward, mai sana'ar cusa fatun dabbobi a Landan, wanda ya soma fitowa a 1892, daga baya ya shahara da sunan Records of Big Game. Shi wannan kusan dukkansa jadawali ne: tsawon ƙaho, kaurinsa, tazarar da ke tsakanin tsini da tsini, wurin da aka harbi dabbar, da sunan mai ita. Mai karatu ya riƙe wannan jadawali a zuciyarsa, za mu dawo gare shi.

Dalilin ƙarancinsu a yau ba ɓoyayye ba ne. Tun asali kaɗan aka buga. Bayan haka dillalai sun gano cewa idan suka yayyage zane-zanen suka sa kowanne a gilashi suka sayar dabam, sun fi samun riba, saboda haka aka farke kwafi masu yawa. Cikakken kwafin littafin Harris a yau sai da dubban fam na Ingila. Waɗanda suka iso ƙasarmu kuwa, gara da laima da ƙurar hunturu sun gama da mafi yawansu.

Waɗanda Suka Biyo ta Ƙasarmu

Garin Minna kamar yadda muka san shi ɗan jirgin ƙasa ne. Kafin zuwan dogo, Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, suna zaune ne a kan duwatsun da ke kewaye da wurin. Turawa sun kafa hedikwatar mulkin Arewa a Zungeru a 1902, suka shimfiɗa dogo daga Baro a bakin Kwara ya ratsa ta Minna ya isa Kano a 1911, ba da jimawa ba kuma na Ikko ya zo ya haɗu da shi a nan. Ta haka wannan yanki ya zama ƙofar da mafi yawan Turawa masu shiga Arewa ke bi, tun kafin a mayar da hedikwata Kaduna a 1917 har bayan haka. Dajin da suka tarar tsakanin kogin Kaduna da Mariga da Kwara, har zuwa Kwantagora da ƙasar Bargu, daji ne na ɓauna da gwanki da kanki da mariya, na zaki da damisa, ga dorina da kada a koguna, giwa kuma tana ratsawa.

Farautar da suka yi a cikinsa ta wuce nishaɗi kawai. Baturen da ya fita rangadi yakan tafi da 'yan dako masu yawa, naman daji kuwa shi ne hanya mafi sauƙi ta ciyar da su. Bugu da ƙari, kayar da ɓauna ko zaki a gaban mutanen ƙauye wata hanya ce ta nuna wa talakawa abin da bindigar sabon mai mulki ke iya yi. Masanin tarihi John MacKenzie ya yi dogon bayani a kan wannan dangantaka ta farauta da mulki a littafinsa The Empire of Nature na 1988.

Yammacin Afirka bai yi suna a wajen mafarautan Turai kamar gabashinta ba, saboda haka littattafan da suka shafe mu ba su da yawa, kuma farauta a cikinsu a cakuɗe take da labarin tafiya da na aikin gwamnati. Akwai From the Niger to the Nile na Boyd Alexander, juzu'i biyu, 1907. Shi soja ne kuma masanin tsuntsaye, ya taso daga Lakwaja a 1904 da jiragen ruwa biyu na ƙarfe, ya bi Binuwai, ya isa tafkin Chadi, ya ɓulla kogin Nilu a ƙarshen 1906, yana tara tsuntsaye da fatun dabbobi a hanya. Ƙanensa Claud ya rasu a Maifoni, kusa da inda Maiduguri take a yau, abokin tafiyarsu Kyaftin Gosling shi ma bai ga ƙarshen tafiyar ba. Akwai A Resident's Wife in Nigeria na Constance Larymore, 1908, matar wani Razdan da ta zauna a Bida da Bargu, wurare biyu da ke cikin Jihar Neja a yanzu. Akwai Out of the World North of Nigeria na Angus Buchanan, 1921, wanda ya tashi daga Kano a 1920 ya bi ta Damagaram zuwa Azbin yana tara wa Lord Rothschild dabbobi da tsuntsaye don gidan tarihinsa da ke Tring a Ingila. Akwai kuma Sport and Service in Africa na Haywood, 1926, wanda tun daga sunansa ya haɗa farauta da aikin mulki a jimla ɗaya.

Mutumin da ke Gefen Hoto

Farkon haɗuwarmu da irin wannan littafi tun muna ɗalibai ne, a wani tsohon ɗakin karatu a nan Arewa, can saman kanta inda hannu ba ya kai wa sai an taka kujera. Gara ta riga ta ci rabin bangon, an yage taswirar, katin aron da ke ciki kuma ya nuna an fi shekara ashirin babu wanda ya ɗauke shi. Da muka koma neman sa bayan wasu shekaru, sai aka ce mana an kwashe tsofaffin littattafai an zuba a sito, rufin siton kuwa yana yoyo. Amma hotunan ba su bar zuciyarmu ba, musamman da yake daga baya mun ga irinsu birjik a wasu littattafan, kamar mutum ɗaya ne ya tsara su duka.

Ga yadda tsarin yake. Dabbar tana kwance a gaba, an ɗaga kanta don ƙahonin su fito. Baturen yana zaune a kanta ko ya ɗora mata ƙafa, bindiga a gicciye bisa gwiwa, faffaɗar hular nan tasu ta kare rana a ka. Can gefe, wani lokaci rabin jikinsa ma ya fita daga hoton, akwai wani baƙin mutum a tsaye, ba takalmi, ba murmushi. A ƙarƙashin hoton za a faɗa maka irin dabbar da wurin da aka harbe ta, a cikin labarin kuma za ka sami irin bindigar da tsawon ƙahon. Shi kuwa na gefen sai a ce yarona, ko maharbina, ko ɗan ƙasa. Ba mu ce duka aka taru aka zama ɗaya ba, domin Boyd Alexander ya ambaci mataimakinsa José Lopes, mutumin tsibiran Kef Bade, da suna, ya kuma yaba masa, wasu ma sukan kawo sunan farko na wani bara. Amma a jadawalin Rowland Ward da muka ambata, akwai gurbin mai ƙaho, babu gurbin wanda ya gano sawu. Masu iya magana sun daɗe da ba wannan suna: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To, wane ne wannan mutum? Baƙon da ya sauka daga jirgi jiya ba shi da yadda zai san inda ɓauna ke shan ruwa a ƙarshen rani. Dole sai da maharbi, Bahaushe ne ko Banufe, Bagwari ne ko Bakambare ko Babarge. Shi ne mai duban kashin dabba ya faɗi lokacin da ta wuce, mai zubar da toka ko ƙura daga hannu don ya san inda iska ta nufa. Kafin zuwan bindigar Bature yana da baka da kwari da kibau masu dafin kwankwani, yana da sango don giwa. Yana da burtu, wato kan tsuntsun nan da yakan ɗaura a goshi ya sunkuya cikin ciyawa yana kwaikwayon kiwonsa har ya kusanci barewa. Sana'arsa tana da shugabanci, Sarkin Baka ko Sarkin Dawa, tana da kiɗa da kirari, tana da magunguna da abubuwan da aka hana. Duk wannan ilimi shi ya kai Baturen gaban dabbar, aikin da ya rage masa shi ne jan kunama.

A wani rani da ya wuce mun buga ɗaya daga cikin irin waɗannan hotuna a takarda, muka kai wa wani dattijon maharbi a wani ƙauye da ke kan hanyar Minna zuwa Zungeru. Bai iya karatun boko ba, amma ya karanta hoton fiye da yadda muka karanta shi. Ya dubi dabbar sau ɗaya ya ce gwanki ne, namiji, tsoho, ya nuna mana kaurin gindin ƙahon da yadda ya lanƙwashe. Ya dubi ƙasan da take kwance ya ce bayan an ƙone daji ne, don ga sabon tsiro nan yana leƙowa cikin toka. Baturen bai ɗauke masa hankali ba ko kaɗan. Idonsa na kan mutumin gefe, ya daɗe yana kallon layun da ke dantsensa da yadda ya rataya kwari, sa'an nan ya ce wannan ba ɗan dako ba ne, maharbi ne, kuma babba. Ya ɗago kai ya ce, "Malam, wa sunansa?" Muka ce, "Baba, littafin bai faɗa ba." Ya yi shiru, can ya ce su a wurinsu ba a ba da labarin farauta ba tare da an ambaci wanda ya ga sawu ba. Ya roƙi mu bar masa takardar, muka bar masa.

Wannan shi ne karatun da muke kira gare shi. Marubucin ya rubuta littafin ne don a ga bajintarsa, to amma na'urar hoto ba ta zaɓe. Ta ɗauki itatuwan da ke bayansa, da tsawon ciyawa, da tufafin mutane da makamansu da zanen fuskarsu. A cikin labarin ma, duk inda marubuci ya ce an gaya masa akwai giwa a rafi kaza, ko ya rubuta sunan dabba da Hausa cikin karkataccen rubutunsa, muryar maharbin ce ke leƙowa.

Doka da Laifi

Abin mamaki, mutanen da suka rubuta waɗannan littattafai su ne kuma suka fara kukan dabbobi na ƙarewa. A 1900 ƙasashen Turai masu mallaka a Afirka suka sa hannu kan wata yarjejeniya a Landan ta kare namun daji. Ko da yake ba ta samu aiki sosai ba, ita ta zama tushen dokokin da suka biyo baya. Ta nemi a taƙaita amfani da raga da ramin tarko wajen kama manyan dabbobi, wato hanyoyin 'yan ƙasa. Ta kuma jera zaki da damisa da kura da kyarkeci da kada cikin dabbobi masu ɓarna da ya kamata a rage yawansu. A 1903 aka kafa wata ƙungiya a Ingila ta kare namun dajin daular, wadda 'yan'uwansu suka yi wa laƙabi da mahautan da suka tuba, don yawancin 'ya'yanta tsofaffin mafarauta ne. A Nijeriya dokar kare namun daji ta fito a 1916, da tsarin lasin. Sakamakon haka shi ne, mai kuɗin yankar lasin da bindigar zamani ya zama ɗan wasa mai bin doka, maharbin da ya gaji sana'ar daga kakanni kuwa yana iya wayar gari mai laifi a dajin da aka haife shi.

Duk da haka zai zama son kai mu ɗora wa Bature laifin duka. Tun kafin ya kafa mulki, annobar bushiya da ta ratsa ƙasar nan a wajajen 1890 ta hallaka shanu da ɓauna ba adadi. Kuma lokacin da ya naɗe tutarsa a 1960 dajin bai ƙare ba. Abin da ya biyo baya a hannunmu ya faru: yawan jama'a da faɗaɗa gonaki, saran itace don katako da gawayi, ƙona daji kowace shekara, yawaitar bindigogi, da farautar gayya wadda ba ta barin mai ciki ko ɗan jariri. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Tsofaffin littattafan nan shaida ne a kan waɗanda suka rubuta su, shaida ne kuma a kanmu, tun da suna nuna abin da aka bar mana.

Abin da Ya Rage

Labarin raƙumin dawa ya isa misali. A 1898 masani Oldfield Thomas na gidan tarihin Landan ya bayyana wa duniyar kimiyya raƙumin dawan yammacin Afirka a matsayin iri na dabam, kuma dabbar da ya yi nazari a kanta kusa da Lakwaja aka harbe ta, inda Kwara da Binuwai suka haɗu. A yau wannan iri ba ya rayuwa a ko'ina sai Jamhuriyar Nijar. A 1996 guda 49 kacal suka rage a yankin Kure, kusa da Yamai. Da gwamnati da mutanen ƙauyukan suka tsaya a kan kare su, sai suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi 8 aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi. Karkandar yammacin Afirka ba ta yi wannan sa'a ba, domin a 2011 aka tabbatar ta ƙare a duniya, bayan na ƙarshenta sun ɓace a arewacin Kamaru. Zaki kuwa, wani bincike da aka buga a 2014 ya nuna kimanin 400 ne suka rage a duk yammacin Afirka, a wurare huɗu, biyu daga ciki a Nijeriya: Yankari, da gandun dajin tafkin Kainji da ke nan wajenmu.

Wannan gandu na Kainji an kafa shi ne a 1979, da aka haɗa dajin Bargu da na Zugurma, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 5,340. Shi ne shafi na ƙarshe na littafin da Allah ya rubuta a wannan ƙasa, amma malami nawa ne a yau zai yi ƙarfin halin ɗibar ɗalibai ya kai su? Kalmar daji kanta ta sauya ma'ana a bakinmu. A da idan aka ce wane ya shiga daji, farauta ko itace ko kiwo ake nufi. Tun bayan abin da ya faru a makarantar Kagara a Fabrairun 2021, da na Islamiyyar Tegina a watan Mayu na shekarar, idan uwa a Jihar Neja ta ji an ce daji, gabanta faɗuwa yake yi.

A nan ne maganar ta shafi mu malaman adabi kai tsaye. Adabin Hausa a daji ya girma. Tarihin Kano ya buɗe ne da Barbushe, maharbin da aka ce yana kashe giwa da sanda. Tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tara ya buga tsakanin 1911 da 1913 cike suke da zaki da kura da dila. Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, ya cika Magana Jari Ce da dabbobi, kuma ya rubuta wa yaran da suka san su ne. Kassu Zurmi ya yi wa mafarauta da 'yan tauri waƙa. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 yana ɗauke da sunayen namun dajin da a yau sai an yi wa ɗalibin jami'a fassara. Mun sha gwadawa a aji, mu ce wa ɗalibai su kawo kirarin gwanki, nan take su amsa da sha bara. Mu ce to yaya gwanki yake, sai a yi tsit, wani ya ce tsuntsu ne, wani ya ce irin biri ne. Haka abin yake da gwambaza da batsiya da kwanta-rafi da rabbi. Wanda bai san ƙarfin gwanki da juriyarsa ga kibiya ba, ta yaya zai ji daɗin kirarin, balle ya gane dalilin da ya sa ake yi wa jarumi shi? Wanda bai taɓa ganin faɗin tafin giwa ba, me zai fahimta idan aka ce sawun giwa ya taka na raƙumi? Kalmomin suna nan, amma sun zama kamar kwasfar gyaɗa bayan an cinye ƙwayar.

Kammalawa

Ba ma kira ga kowa ya je gwanjon Landan. Kuɗin kwafi ɗaya zai iya cika kantar ɗakin karatu da sababbin littattafai. Abin farin ciki shi ne, da yawa daga cikin waɗanda muka ambata haƙƙin mallakarsu ya ƙare saboda tsufa, an kuma ɗauki hotonsu shafi-shafi an zuba a intanet, a rumbuna irin su Internet Archive, inda ɗalibi mai waya zai iya sauke su kyauta. Attajiri ya riƙe bangon fata da ruwan zinariya, mu abin da ke ciki muke so.

Aikin da ke gabanmu mai yiwuwa ne. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta kundin digiri a kai, zai iya ɗaukar babi ɗaya na Larymore a kan Bargu ko Bida, ya fassara shi zuwa Hausa, ya bi sunayen garuruwa da rafuka ya gano su a yau, ya ga abin da ke wurin yanzu. Wani zai iya buga hotunan ya kai wa tsofaffin maharba a Bosso ko Paiko ko Wushishi, ya zauna da na'urar ɗaukar magana ya naɗi abin da za su ce, da kirarinsu da sunayen da suke kiran dabbobi da itatuwa, da Hausa da Gbagyi da Nufanci. Ɗalibai masu baiwar ƙirƙira kuma, waɗanda wannan mujalla tasu ce, ga jarumin labari nan yana jiran su a gefen hoto shekara fiye da ɗari. Sunansa na gaskiya ya ɓace, amma ana iya ba shi gida da iyali da murya, a ji yadda ya ga Baturen, da abin da ya faɗa wa matarsa da ya koma gida da kason nama.

Dattawan da suka ga ƙarshen wancan daji da idonsu kullum raguwa suke yi, kuma a cikinsu babu wanda aka ɗauki hotonsa shafi-shafi aka ajiye. Abin da za mu samu daga gare su yanzu bai kai abin da da za a samu shekara hamsin da suka wuce ba, amma harbi a wutsiya ya fi kuskure. Allah ya dawo mana da zaman lafiya a dazuzzukanmu, ya ba mu ikon rubuta abin da ya saura kafin ya kuɓuce.